Daga Binuwai zuwa tekun Kiribi: yadda ake bin gaɓa da kayak a kwana a bakin ruwa

Duk wanda ya tashi a Garwa ya san ruwa gwargwado. Mun ga Binuwai yana cika da damina har ya shanye gonakin bakin gada, mun gan shi da rani ya koma ɗan siriri tsakanin tudun yashi. Kawuna ya yi shekaru yana su a tafkin Lagdo, a kwale-kwalensa na fara riƙe filafili. Saboda haka ranar da na fara tsayawa a bakin teku a Kiribi, can kudancin Kamaru, da kayak (ɗan ƙaramin kwale-kwalen roba) a gabana da ƙanena a gefe, na ɗauka abin da na sani ne, sai dai ya fi faɗi. Ba haka ba ne. Kogi gefe ɗaya yake gudu, cikarsa sau ɗaya ce a shekara. Teku kuwa sau biyu yake cika kowace rana, sau biyu yana janyewa, kuma shi ne zai faɗa maka lokacin tashi da inda za ka shimfiɗa tabarma. Wannan jagorar ta ɗan arewa ce da yake son ya yi tafiyar kwana biyu a kayak, daga Kiribi ya yi kudu ya wuce inda kogin Lobe yake zubowa cikin teku, ya kwana a yashi, ya dawo gida lafiya.

Kafin ka bar gida

Tambayar farko ita ce ko ka iya iyo. Ba facal-facal a inda ƙafa take taɓa ƙasa ba, iyon da za ka yi minti goma a ruwa mai zurfi hankalinka kwance. In ba ka iya ba, ka koya tukuna, teku ba ya gudu. Magabata sun ce iya ruwa fidda kai.

Sai lokaci. Kudu ba ta bin tsarin damina da rani irin namu. A Kiribi ruwan sama yakan yi ƙarfi wajen Afrilu da Mayu, ya sake dawowa da ƙarfin gaske a Satumba da Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne sama take sarara, igiyar ruwa ma takan yi sauƙi. A nan za ka sa tafiyarka. Bayan watan Turawa, ka duba watanmu na Musulunci ma, zan faɗi dalili a gaba, domin shi ne ƙashin bayan maganar.

Hanya sananniya ce: mota daga Garwa ko Marwa zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na Camrail da yake tashi da yamma ya kwana yana tafiya zuwa Yawunde, daga nan mota ta bi ta Edeya zuwa Kiribi. Wanda ya taso daga Njamena ko Mundu ma a Ngaundare zai haɗu da wannan hanyar. Katin shaidarka kada ya bar jikinka, a kan titi da a kan ruwa, domin jandarma na iya tambaya ko'ina. Ka ba kanka kwana ɗaya cur a Kiribi kafin ranar tashi.

Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Jirgi biyu, mutum biyu, shi ne mafi ƙaranci.

Jirgin da kayan da ke cikinsa

Kayak ɗan ƙaramin kwale-kwale ne na roba mai tauri, siriri, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu, a tsoma dama a tsoma hagu. Iri biyu ne za ka fi gani. Akwai wanda ake shiga cikinsa, ƙafafu su shige ƙarƙashin rufi. Ya fi gudu, amma in ya kife sai wanda ya ƙware yake iya komawa ciki a kwashe ruwan. Akwai kuma wanda ake zama a samansa, cikinsa a rufe yake ruf da iska, yana da ƴan ramuka da ruwa yake zurarewa. Ga sabon shiga, a ruwa mai ɗumi irin na Kiribi, na biyun nan nake ba da shawara ba tare da wata-wata ba. In ya kife, ka juya shi, ka hau, ka ci gaba. Namu aro muka yi daga wani abokin aiki a Duwala. Duk inda za ka samo naka, ka gama maganar tun kana gida, kada ka isa bakin ruwa kana neman jirgi. Irin wanda ake hura wa iska na wasan yara kuwa, ka bar shi a kasuwa. Iska tana tura shi kamar leda.

Rigar ruwa, wato mai hana nutsewa, a jiki take zama, a ɗaure, daga tashi har sauka. Wadda aka cusa a bayan kujera ba ta ceci kowa ba. Ka gwada ta: wani ya kama kafaɗunta ya ja sama, in ta haye har kunnenka ta yi maka yawa. A jikinta ka ɗaura usur. Filafili ka ɗaure shi da ƴar igiya a jikin jirgi idan kun fita sarari, kuma ku ɗauki guda ɗaya na ko-ta-kwana tsakaninku.

Duk abin da bai kamata ya jiƙe ba, a ɗauka zai jiƙe. Akwai jakar roba da ake naɗe bakinta, in ka samu madalla; in ba ka samu ba, leda mai kauri biyu, ɗaya cikin ɗaya, kowacce a murɗe bakinta a ɗaure da roba. Waya a cikin jakarta mai hana ruwa, a rataye a wuya ko a aljihun rigar ruwa, ba a cikin kaya ba, domin in jirgi ya rabu da kai wayar ta zama tare da kai. Sauran kayan kwana kaɗan ne: tanti ƙarami ko tamfol da gidan sauro, tabarmar roba, zane ɗaya, tufafi busassu na dare, tocila, ashana a cikin kwalba, wuƙa, igiya mai tsawon mita 10, ƙaramar tukunya da butar shayi.

Ruwan sha shi ne nauyin da ba a ragewa. Mu mun saba da zafin Garwa, busasshe, gumi na fita yana bushewa. Zafin bakin teku jiƙaƙƙe ne, gumi ba ya bushewa, mutum yana ta zubar da ruwa bai sani ba, ga hasken rana yana dukan ruwa yana dawowa fuska. Ka lissafa aƙalla lita 4 ga kowane mutum a rana, ban da na girki. A raba shi a gorori da yawa maimakon jarka ɗaya, a sa su ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar jirgi don kada ya riƙa rinjaya. Ka tafi da sukari da gishiri: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ga wanda jiri ko ciwon kai ya kama. Abincin tafiya kuwa mu ne gwanayensa tun zamanin fatake: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin rogo da sukari. Babu wanda yake lalacewa a kwana biyu. Malafa mai igiya a haɓa, riga mai dogon hannu, da takalmin roba mai rufe yatsu saboda duwatsun gaɓa masu kaifi.

Ranar gwaji

Kwanan nan ɗaya da na ce ka ajiye, ga aikinsa. Da safe ka je Mbowa-Manga, inda masunta suke sauke kifi a bakin kogin Kienke, kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906. Ka gaida mutane, ka nemi dattijo cikin masunta, ka faɗa masa inda kake son zuwa. Yawancinsu ƴan ƙabilun Batanga ne da Mabi, da Faransanci za ku yi magana. Ka tambaye shi inda duwatsu suke ɓoye ƙarƙashin ruwa, da gaɓar da take da sauƙin sauka, da ƙauyen da za a bar ku ku kwana. Da ɗan gari akan ci gari. In hali ya yi, ku yi ciniki da wani mai kwale-kwale ya raka ku a tafiyar farko. Kuɗin da ya fi kowanne amfani ke nan a duk tafiyar.

Da hantsi ku sami wurin da ruwa yake kwance, ku kifar da jirgin da gangan. Ka riƙe filafili, ka juya jirgin, ka zo daidai kujera, ka miƙe ƙafafunka a bayanka a saman ruwa, ka ja kirjinka ya hau, sannan ka juya ka zauna. Ka yi sau biyar, sannan ka yi da kaya a ɗaure. Wanda ya kasa hawa a ruwa kwantacce ba zai hau cikin igiya ba, kuma ba abin kunya ba ne a ɗage tafiya saboda wannan.

Wata da cikar teku

Ga abin da kogi bai koya mana ba. Teku yana cika ya kai iyakarsa, sai ya ɗauki awa shida da ɗan ɗoriya yana janyewa, ya sake ɗaukar wasu shida yana dawowa. Jan wata ne yake kawo haka, da taimakon rana. Kowace rana lokacin cikar yana jinkirta da kusan minti 50, kamar yadda fitowar wata take jinkirta. Sannan cikar ba ɗaya ba ce duk wata. Idan wata ya tsaya, da kuma idan ya cika tsakiyar wata, rana da wata suna ja a layi ɗaya, sai ruwa ya hau fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum. Abin yakan fi ƙarfi kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Wajen 7 da 8 ga wata, da 22 da 23, bambancin kaɗan ne. Ka ga ashe lissafin da muke yi don azumi da salla shi ne lissafin masuntan teku. Ga tafiyar farko ka zaɓi kwanakin da cikar take da sauƙi. Akwai jadawalin cika da janyewar tekun Kiribi a intanet. Ka kwafe lokutan kwana biyun a takarda, ka sa a leda.

Mu ba mu yi haka ba. Ranar 15 ga wata muka tashi, muka sauka da rana tsaka a wata gaɓa bayan Lobe. Yashi shimfiɗe, fari, mai faɗi kamar filin idi. Muka ja jirage taku goma daga ruwa, muka shimfiɗa tamfol, muka hau inuwa muka yi salla, gajiya ta sa muka kishingiɗa. Wajen la'asar ƙanena ya dafa ni da ƙarfi: "Yaya, tashi, jirgi na tafiya!" Ruwa ya cinye filin nan kaf, tamfol na yawo, jirgi ɗaya ya juya gefe igiya tana wasa da shi. Muka kamo shi da ƙyar, buhun garinmu ya tafi. Wani tsoho da yake gyaran koma a can sama ya sauko, bai yi mana faɗa ba. Ya kama hannuna ya kai ni inda wani layi ya bi gaɓar tun daga nan har iyakar gani: busassun ganye, ɓawon kwakwa, guntayen itace, murafun gorori. Ya nuna layin da ƙafa, ya nuna sama da shi. Nan ne iyakar inda ruwa ya kai a cikar baya. Ƙasa da layin nan na teku ne, ko da ka same shi a bushe.

Fita da tuƙi

Ku tashi da sassafe, bayan asuba da gari ya waye sosai. Da safe iska kwance take. Daga azahar iskar teku takan taso daga kudu maso yamma, ta tayar da ruwa. Wannan ne ya sa nake son a fara yin kudu da safe, ranar dawowa kuma in iska ta riske ku, a bayanku take.

Kafin ka taɓa jirgi, ka tsaya minti goma kana kallon igiya. Ba daidai suke zuwa ba: manya kaɗan a jere, sai a ɗan sarara, sai wasu manyan. Sararin nan kake jira. Ka ja jirgi zuwa inda ruwa ya kai gwiwa, hancinsa yana kallon igiya sak, ka hau da sauri, ka tuƙa da ƙarfi ba tsayawa. In igiya ta taso gabanka, kada ka daina tuƙi, kada ka juya gefe. Ka sunkuya gaba, ka soka filafili a bayanta ka ja. Jirgin da ya ba igiya gefensa ya kife. Mutum ɗaya yake fita, ɗayan yana kallo daga gaɓa, sai na farko ya wuce inda igiya take fashewa ya tsaya ya jira. In kun tsaya kallo kuka ga zuciyarku ba ta kwanta ba, ku fasa ku sha shayi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A sarari, ku bi gaɓa daga bayan inda igiya take fashewa, ba kusa sosai ba, ba kuma nesa da za ku kasa iyo zuwa tudu ba. Tuƙi da kugu ake yi, ba da damtse ba: ka tsoma filafili kusa da yatsun ƙafarka, ka juya jikinka, ka fitar da shi daidai kugu. Sabon hannu da kaya yakan yi kilomita 4 a awa, wani lokaci ƙasa da haka. Daga Kiribi zuwa Lobe kusan kilomita 7 ne, ƙauyen Giran Batanga na gaba kaɗan. Wannan ya isa yini na farko. Duk inda ka ga ruwa yana fari ko yana kumbura a wuri ɗaya alhali kewayensa lafiya, dutse ne a ƙasa, ka zagaye ta wajen teku. Ku kasance kusa da juna yadda murya za ta kai, ku sha ruwa duk rabin awa ko ba ƙishi.

Can cikin teku za ka hango babban jirgi a tsaye. Nan ne ƙarshen bututun man da ya taso daga Doba a Chadi, kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003. Wurin yana da tsaro, kada sha'awa ta kai ka. Haka ma babbar tashar jiragen ruwa ta Mboro da ke can kudu, ba wurin ƙaramin jirgi ba ne.

Lobe kuwa, in ka zo ta ruwa, ƙararsa za ka fara ji. Kogi ne guda yake gangarowa kan duwatsu ya faɗa cikin teku kai tsaye, abin da ba a cika gani ba a duniya. Na daina tuƙi na yi ta tasbihi. Ka kalle shi daga nesa kaɗan, domin inda ruwan daɗi yake karo da na gishiri ruwa yakan rikice, musamman lokacin da teku yake janyewa.

Sauka ta fi fita wuya, domin igiya tana bayanka. Ka tsaya a waje, ka kwance igiyar filafili don kada ta naɗe ka, ka bar manyan su wuce ta ƙarƙashinka, ka bi bayan ta ƙarshe da gudu. Da jirgi ya taɓa yashi ka dira, ka kama hancinsa ka ja sama. Kada ka taɓa tsayawa tsakanin jirgi da tudu yayin da igiya take zuwa, za ta maka maka shi a ƙwauri. In ka faɗa ruwa ka ji yana jan ka ciki, kada ka yi kokawa da shi. Ka yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga jan, sannan ka nufi tudu.

Kwana

Gaɓa tana da masu ita. Ku sauka da sauran rana, ku je ku gaida mai gari ko dattijon da ke kusa, ku nemi izini, ku sayi kifi a hannun mutanen wurin. Wanda aka san da zamansa ana kula da shi.

Sannan ka nemo layin nan na tsoho. Tanti ya hau sama da shi sosai, a inda ciyawa ta fara. Jirage ma a ɗauke su a kai can, a kife su, a ɗaure da igiya a jikin itace, ko da kana ganin ruwa ba zai iso ba. Ka duba takardarka ka san ƙarfe nawa cikar dare za ta zo. Ka ɗaga kai kuma: ba a kwana ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai ƴaƴa. A nan rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6 duk shekara, duhu kuma ba ya jira, don haka a gama kafa tanti da tara itace kafin magariba.

Da yamma akwai wasu ƙananan ƙwari da mutanen kudu suke kira mutmut, ba a ganinsu sosai sai dai a ji ƙaiƙayi. Dogon wando, doguwar riga, da man korar sauro tun kafin rana ta faɗi. Gidan sauro dole ne, zazzaɓin kudu ba wasa ba ne. Wuta ƙarama ta isa, a kan yashi, da itacen da teku ya watso ya bushe. In an gama a kashe ta da ruwa, kada a binne garwashi, wani zai taka da safe. A watannin nan na Disamba zuwa Fabrairu kunkurun teku sukan fito da dare su yi ƙwai a gaɓar kudu, musamman wajen Eboje inda mutanen ƙauyen suke kare su. In Allah ya nuna maka ɗaya, ka kashe tocila, ka tsaya nesa, kada ka taɓa ramin.

Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisi ya tabbatar ruwansa mai tsarkakewa ne, saboda haka ka adana na gora don sha. Alƙibla daga Kiribi tana arewa maso gabas: teku a bayanka, ka ɗan karkata hagu. Ka kira gida kafin ka kwanta, ka faɗa wa wanda ka bar wa saƙo a Kiribi inda kuka sauka da lokacin da za ku iso gobe, da abin da zai yi in lokacin ya wuce bai ji ku ba. A kashe waya ɗaya a adana cajinta.

Da asuba ka fito ka duba inda ruwa ya tsaya cikin dare, ka gwada da inda ka yi zato. Ku karya da shayi da abin da ya rage, ku tattara duk leda da gwangwani ku sa a jirgi, ku koma ku yi wa mai gari sallama. Jirgi ya yi sauƙi yanzu tunda ruwan sha ya ragu, sai a sake raba kayan don kada hanci ko gindi ya ɗaga. Ku tsaya minti gomanku na kallon igiya kamar jiya, ku fita ɗaya bayan ɗaya, ku sa hasumiyar Kiribi a gaba tun iska ba ta taso ba. In kun isa, ku wanke jirgi da filafili da rigar ruwa da ruwan daɗi kafin ku mayar wa mai su, domin gishiri yana cin zif da ƙarfe.